YADDA ZA MU AUNA ƊAN BAYA A WASAN ƘWALLON ƘAFA

Duk wanda ya saba tsayawa a bakin filin makaranta da yamma ya san abin da ke faruwa in za a raba yara gida biyu. Kowa ɗan gaba ne. Wanda aka ce ya koma baya sai ya ɓata rai, kamar an yi masa horo. Galibi kuma akan tura wanda ya fi jiki ne, ko wanda ake ganin ƙafarsa ba ta da kyau, a ce masa, "Kai dai in ta zo ka doka ta gaba." In an yi nasara, wanda ya jefa ƙwallo a raga shi ake ɗauka a kafaɗa. In kuwa an sha kashi, ɗan baya ne zai kwana da zagi a ɗakin kwanan ɗalibai.

Wannan hali bai tsaya a makaranta ba. Tun 1956 mujallar France Football take ba da kyautar Ballon d'Or ga gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, amma 'yan bayan da suka taɓa samunta uku ne kacal: Franz Beckenbauer na Jamus a 1972 da 1976, Matthias Sammer shi ma na Jamus a 1996, sai Fabio Cannavaro na Italiya a 2006. Dalili kuwa a fili yake. Aikin ɗan gaba ana iya ƙirga shi da yatsa. Aikin ɗan baya kuwa, in ya yi shi da kyau, babu abin da zai faru da za a ƙirga. Saboda haka muka ga ya dace a wannan shekara mu kawo wa ɗalibai da malamai da iyaye wasu ma'aunai guda takwas da za mu riƙa auna ɗan baya da su, tare da misalan manyan 'yan wasan da duniya ta sani, da ƙarfinsu da rauninsu.

Su wane ne 'yan baya?

A tsarin da aka fi sani akwai 'yan baya huɗu a gaban mai tsaron gida. Biyu a tsakiya, waɗanda muke kira lamba biyar da lamba shida, da ɗaya a dama, wato lamba biyu, da ɗaya a hagu, wato lamba uku. Wasu masu horarwa sukan sa uku a tsakiya, su bar na gefe su riƙa hawa da sauka.

Da can ba haka abin yake ba. 'Yan baya biyu ne kawai, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba biyar. A 1925 aka sassauta dokar satar gida. Maimakon a ce sai akwai abokan karawa uku tsakanin ɗan gaba da layin raga, sai aka mai da su biyu. Nan da nan ƙwallaye suka yi ta shiga raga. Ganin haka Herbert Chapman, mai horar da Arsenal, ya jawo ɗan tsakiyarsa na tsakiya ya dawo da shi baya. Wannan gurbi shi ne aka ba lamba biyar, shi ya sa har yau lambar ta zama ta ɗan baya.

Dokoki sun ci gaba da ƙara wa ɗan baya nauyi. Tun 1992 an hana mai tsaron gida kama ƙwallon da ɗan'uwansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. Tun farkon shekarun 1990 wanda ya kayar da ɗan gaban da ya nufi raga shi kaɗai yakan sami jan kati. A 1998 aka tsananta hukunci a kan shigar ƙafa ta baya. A 2018 kuma aka fara amfani da na'urar taimaka wa alƙalin wasa a gasar kofin duniya, don haka jan riga da ake yi a ɓoye ya daina ɓoyuwa. Wannan ya nuna ba daidai ba ne mu auna ɗan wasan 1970 da na yau ba tare da tuna dokar zamanin kowannensu ba.

Ma'auni na farko: ido da hankali

Abu na farko da za mu duba shi ne inda ɗan baya yake tsaye kafin ƙwallo ta iso. Gwani yakan san nufin mai riƙe da ƙwallo tun bai buga ba, ya riga ɗan gaba isa wurin. Rigakafi ya fi magani.

Bobby Moore, kyaftin ɗin Ingila da ya ɗaga kofin duniya a 1966, ba shi da gudu, ba kuma gwanin tsalle ba ne. Amma a wasansu da Birazil a 1970, da Jairzinho ya taso masa a guje, sai ya yi ta ja da baya yana kallon ƙwallon, har sai da lokaci ya yi, sannan ya sa ƙafa ya ɗauke ta ba tare da laifi ba. Franco Baresi na AC Milan shi ma haka. A gasar kofin duniya ta 1994 ya ji ciwo a gwiwa a wasansu da Nowe, aka yi masa aiki, bai cika wata guda ba ya dawo wasan ƙarshe da Birazil. Minti 120 aka yi Romário da Bebeto ba su ga raga ba. Mutumin da bai gama warkewa ba, da me ya tsare su in ba da hankali ba?

Raunin masu irin wannan wasa shi ne dogaro da lissafi. In 'yan baya suka haɗa baki su taso tare don su bar ɗan gaba cikin satar gida, to mutum ɗaya ya makara da taki ɗaya, shi ke nan an buɗe ƙofa. Haka ta faru ga Lilian Thuram na Faransa a wasan kusa da na ƙarshe na 1998. Ya tsaya a baya, Davor Šuker na Kuroshiya ya samu hanya ya ci. Sai dai Thuram bai tsaya cizon yatsa ba. Bayan minti ɗaya ya rama, daga baya ya ƙara ta biyu. Cikin wasa 142 da ya yi wa ƙasarsa, waɗannan biyun su ne kaɗai ƙwallayen da ya ci.

Ma'auni na biyu: gaba da gaba

In ɗan gaba ya fuskanci ɗan baya su biyu kawai, wa zai fara motsi? Wanda ya fara, galibi shi ne ya faɗi. Abin da ake koya wa ɗan baya shi ne ya tsaya a karkace, gwiwa a ɗan lanƙwashe, idonsa a kan ƙwallo, kada rawar ƙafa ta ruɗe shi. Ya kora abokin karawa zuwa bakin layi, ko zuwa ƙafar da ba ta da ƙarfi, ya ɓata masa lokaci har 'yan'uwa su dawo.

Paolo Maldini ya yi wa AC Milan wasa 902 daga 1985 zuwa 2009, ya ci kofin zakarun Turai sau 5. Ƙafar dama ce ƙafarsa, amma a hagu ya yi yawancin wasansa. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne bai cika kwanciya a ƙasa ba. A nan ne 'yan kallo da yawa suke kuskure. Sukan tafa wa wanda ya sulale a ƙasa ya share ƙwallo da mutum gaba ɗaya, alhali sau da yawa wannan alama ce ta cewa an riga an wuce shi. Wanda ya kwanta kuma bai samu ƙwallon ba, ya fita daga wasa har sai ya tashi.

Kamaru ta ba duniya mamaki a 1990 da ta doke Ajantina da ci 1-0 a wasan buɗe gasa, amma da mutum tara ta gama wasan, domin an kori André Kana-Biyik da Benjamin Massing, dukansu saboda kayar da Claudio Caniggia. Ranar sun tsira. Da suka haɗu da Ingila a zagayen 'yan takwas, suna gaba da ci 2-1, sai aka kayar da Gary Lineker sau biyu a cikin yadi 18, ya ci fenariti biyu, aka fitar da su da ci 3-2. Ƙarfin hali da shigar ƙafa sun kai su nesa, rashin auna lokacin shigar kuma ya dawo da su gida.

Ma'auni na uku: ƙwallon sama

Akwai masu ganin cewa dogon mutum shi ne ɗan baya. Tsawo yana da amfani, babu musu. Virgil van Dijk na ƙasar Holan ya haura mita 1.90, kuma da wuya a ci shi a sama. Amma Cannavaro mita 1.76 ne kawai, ga shi kuwa a gasar kofin duniya ta 2006 ƙwallo biyu kacal aka jefa wa Italiya cikin wasa bakwai, ɗaya cin gida ce, ɗaya kuma fenaritin Zinedine Zidane a wasan ƙarshe. Sirrinsa shi ne sanin lokacin tashi. Wanda ya riga tashi, ya kuma sa jikinsa tsakanin abokin karawa da ƙwallo, ya ci gajere ya ci dogo.

Abin dubawa na biyu shi ne inda ƙwallon ta faɗa bayan an sa mata kai. In ta faɗa tsakiya a bakin yadi 18, aikin banza aka yi. Gefe ake kai ta, da nisa.

Babu wanda ya fi ƙarfin a ci shi a sama. Maldini da muka yaba, a 2002 yana da shekara 33 Ahn Jung-hwan na Koriya ta Kudu ya riga shi tashi, ya ci ƙwallon da ta fitar da Italiya daga gasar kofin duniya. A wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai na 1999 kuma, Bayern Munich tana gaban Manchester United da ci 1-0 har minti 90 ta cika, sai bugun kwana biyu a jere suka zama ƙwallo biyu. Aikin dare guda ya rushe saboda ba a share ƙwallon sama yadda ya kamata ba.

Ma'auni na huɗu: gudu

Gudu kamar bargo ne, yana rufe kurakurai da yawa. Ɗan baya mai gudu in an wuce shi yakan juyo ya cim ma mutum. Ƙungiyar da ke da irinsa tana iya matsawa har tsakiyar fili ba tare da tsoron doguwar ƙwallo ba. Amma gudu baƙo ne, shekaru da ciwo suna tafiya da shi. Wanda bai koyi tsayuwa ba tun yana yaro, ranar da ƙafa ta yi nauyi asirinsa zai tonu. Ko Cannavaro mai hankali, da ya koma gasar 2010 yana da shekara 36, Italiya ce ta zo ta ƙarshe a rukuninta.

Nemanja Vidić yana cikin 'yan bayan Manchester United da suka yi wasa 14 a jere a gasar Firimiya ta kakar 2008 zuwa 2009 ba a jefa musu ƙwallo ba. Jarumi ne, ba ya tsoron sa kansa inda wasu ke tsoron sa ƙafa. Amma a watan Maris na 2009 ya bar doguwar ƙwallo ta daki ƙasa, Fernando Torres na Liverpool ya riga shi da gudu, ya ƙwace ya ci. A wasan nan aka ba shi jan kati, aka doke su 4-1 a gidansu. Ɗan gaba mai gudu shi ne maganinsa.

'Yan bayan gefe su ne suka fi bukatar gudu, domin aiki biyu suke yi. Cafu na Birazil ya buga wasan ƙarshe na kofin duniya sau uku a jere, 1994 da 1998 da 2002, yana hawa yana sauka ba gajiya. Celestine Babayaro, haifaffen Kaduna, lamba uku ne, amma shi ya ci wa Nijeriya ƙwallon farko a wasan ƙarshe na Olamfik na 1996 da aka doke Ajantina 3-2. Tambayar da za mu yi game da irinsu ita ce: in ya hau, yana dawowa? Kuma yana duba bayansa? Trent Alexander-Arnold ya taimaka an ci ƙwallo 13 a gasar Firimiya ta 2019 zuwa 2020, abin da 'yan tsakiya da yawa ba su yi ba. Amma a wasan ƙarshe na zakarun Turai na 2022, ta bayansa Vinícius Júnior ya ɓullo ya ci wa Real Madrid ƙwallo ɗayan da ta raba gardama. Roberto Carlos, wanda bugun tazararsa a kan Faransa a 1997 har yau ake nunawa, shi aka gani a sunkuye a bakin yadi 18 a 2006 lokacin da Thierry Henry ya shigo babu mai tsaronsa ya fitar da Birazil.

Ma'auni na biyar: ƙafa

Ƙwace ƙwallo rabin aiki ne. Me ya yi da ita bayan ya ƙwace? In kullum dokawa yake yi ba tare da dubawa ba, to ya mayar wa abokan karawa ke nan, za su sāke dawowa. Beckenbauer da farko ɗan tsakiya ne, har ya ci ƙwallo 4 a gasar 1966. Da ya koma baya sai ya zama mai shara a bayan sauran, wanda Turawa ke kira libero, wato sakakke. In ya ƙwace sai ya ɗaga kai, ya fito da ƙwallon da kansa har tsakiyar fili. Da haka ya ɗaga kofin duniya a 1974, ya kuma ci kofin zakarun Turai sau uku a jere da Bayern Munich. Tun da aka yarda a 2019 cewa ɗan baya yana iya karɓar bugun gola a cikin yadi 18, wannan ma'auni ya ƙara nauyi ƙwarai.

Amma ƙafa mai kyau tana da jarabarta. Mai ita yakan manta cewa kuskure a wurinsa ba ɗaya yake da kuskure a gaba ba. A wasan ƙarshe na kofin Afirka na 2008 a Akara, Rigobert Song, kyaftin ɗin Kamaru, ya tsaya kokawa da ƙwallo maimakon ya fitar da ita. Mohamed Zidan ya ƙwace, ya miƙa wa Mohamed Aboutrika, Masar ta ɗauki kofi da ci 1-0. Gwani shi ne wanda ya san lokacin da za a yi wasa da ƙwallo, da lokacin da za a aika ta cikin 'yan kallo ba tare da jin kunya ba.

Ma'auni na shida: riƙe zuciya

Ɗan baya yana bukatar zafi, amma zafin da yake da linzami. Sergio Ramos ya ci wa Real Madrid ƙwallo 101, har da wadda ya ci da ka a minti na 93 a wasan ƙarshe na zakarun Turai na 2014 a Lisbon, lokacin da kofi ya kusa kuɓuce musu. Shi ɗin dai ya karɓi jan kati 26 a wannan ƙungiya. Abin mamaki, cikin wasa 180 da ya yi wa Sifen ba a taɓa korarsa ba. Ashe yana iya riƙe kansa in ya so.

Song shi ne ɗan wasa na farko da aka kora a gasar kofin duniya biyu daban-daban, a 1994 yana da shekara 17, da kuma 1998. Taribo West namu, wanda ya ci gasar Faransa da Auxerre a 1996, 'yan gaba suna tsoronsa, amma a wasan ƙarshe na kofin UEFA na 1998 da Inter Milan ta doke Lazio 3-0, bai ga ƙarshen wasan a fili ba, jan kati ya fitar da shi. Abokin aikinsa a Super Eagles, Uche Okechukwu, ƙato ne mai sanyin hali, shi ya sa suka dace da juna. Philipp Lahm kuwa, kyaftin ɗin Jamus a 2014, mai tsawon mita 1.70, ya gama wasansa kaf ba a taɓa ba shi jan kati ba. Raunin Lahm ƙarancin jiki ne, kamar yadda Torres ya nuna da ya ture shi gefe ya ci ƙwallon da ta ba Sifen kofin Turai a 2008.

Mu tuna cewa jan kati ba mai laifin kaɗai yake hukuntawa ba. Mutum goma ne za su yi gudun mutum goma sha ɗaya.

Ma'auni na bakwai: natsuwa har a busa tashi

Manyanmu ba za su manta ranar 5 ga Yuli 1994 ba. Nijeriya, a zuwanta na farko gasar kofin duniya, ta haɗu da Italiya kusa da birnin Boston. Emmanuel Amunike ya ci daga bugun kwana kafin hutun rabin lokaci. Saura kamar minti 15 aka kori Gianfranco Zola, Italiya ta koma mutum goma. Saura minti biyu a tashi, aka bar Roberto Mussi ya shigo ta gefe, ya mayar wa Roberto Baggio, ya farke. A ƙarin lokaci aka kayar da Antonio Benarrivo a cikin yadi 18, Baggio ya ci fenariti, aka tashi 2-1.

'Yan bayanmu sun yi minti 88 suna aiki mai kyau a gaban ƙasar da ta kai wasan ƙarshe a wannan shekara. Amma ɗan gaba yana iya ɓarar da dama tara ya ci ta goma ya zama gwarzo, ɗan baya kuwa in ya tare tara ya saki ta goma, ita za a tuna. Don haka in muna auna shi, mu dube shi a minti goma na ƙarshe, da bayan an ci ƙwallo, da lokacin da ake ganin nasara ta riga ta tabbata. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Ma'auni na takwas: murya da abokin aiki

Ɗan baya na tsakiya yana ganin fili duka a gabansa. In bebe ne, wannan gani bai amfani kowa ba. Shi ne zai ce a taso, a koma, wane ka duba bayanka. Ba banza ba ne kyaftin-kyaftin da yawa 'yan baya ne. Christian Chukwu ne ya ɗaga wa Nijeriya kofin Afirka na farko a Legas a 1980, da aka doke Aljeriya 3-0. Stephen Keshi ne kyaftin ɗin tawagar da ta ci na 1994 a Tunisiya, ya kuma dawo ya ci na 2013 a matsayin mai horarwa. A gasar da aka yi a Kwaddebuwa a farkon 2024, Nijeriya ta yi wasa huɗu a jere ba a jefa mata ƙwallo ba, aka kuma zaɓi William Troost-Ekong gwarzon gasar, ko da yake masu masauki ne suka ci wasan ƙarshe 2-1.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A kakar 1993 zuwa 1994 AC Milan ta ci gasar Italiya da ƙwallo 36 kawai cikin wasa 34, domin 15 kaɗai aka jefa mata. Tassotti da Costacurta da Baresi da Maldini sun shekara da shekaru tare, kowa ya san takun ɗan'uwansa. Chelsea ma 15 aka jefa mata cikin wasa 38 a kakar 2004 zuwa 2005, inda John Terry yake fuskantar ƙwallon sama, Ricardo Carvalho yana share abin da ya wuce, Claude Makélélé kuma yana tsaye a gabansu. Maroko a 2022 ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a kofin duniya, kuma kafin wannan wasa ƙwallo ɗaya tak ta shiga ragarta, ita ma cin gida ce.

In aka zare mutum ɗaya, sai a ga abin da yake rufewa. David Luiz na Birazil yana da ƙafa, yana da zuciya, shi ya ci Kolombiya da bugun tazara a 2014. Rauninsa barin gurbi ne ya bi ƙwallo. Muddin Thiago Silva yana gefensa, ana rufe masa. Ranar 8 ga Yuli 2014 an dakatar da Silva, kafin minti 30 Jamus ta jefa biyar, aka tashi 7-1. Liverpool ma, an jefa mata 38 a gasar Firimiya ta 2017 zuwa 2018. Kakar da ta biyo, wadda van Dijk ya buga cikakkiya tare da sabon gola Alisson, 22 aka jefa mata. Da ya ji ciwon gwiwa a Oktoba 2020, abokan aikinsa biyu su ma suka kwanta, sai ƙungiyar ta sha kashi sau shida a jere a gidanta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Abin da muka koya

In muka duba misalan nan za mu ga cewa kowane ƙarfi yana goye da rauninsa. Mai zafi yana kusa da jan kati. Mai hawa yana barin bayansa a buɗe. Mai ƙafa yana riƙe ƙwallo fiye da kima. Mai lissafi yana shan wahala a hannun mai gudu. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Babban ɗan baya shi ne wanda ya san nasa raunin, ya tsara wasansa yadda ba za a kai shi can ba, ya kuma samu abokin da zai cike masa.

Muna ba ɗalibai wannan aiki. A wasa na gaba da za ku kalla, ku zaɓi ɗan baya ɗaya, ku bar bin ƙwallo da ido na minti goma, ku bi shi. Sau nawa ya waiwaya? Yana magana? Ina yake tsaye in ƙungiyarsa tana kai hari? In an ci su, ku koma baya taki uku ku tambaya: wa ya fara zubar da ƙwallon, wa ya ƙi dawowa? Sau da yawa za ku tarar wanda aka gani a ƙarshe ba shi ne mai laifin farko ba.

Wannan ya kawo mu ga magana ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi. Ranar 22 ga Yuni 1994 Andrés Escobar na Kolombiya ya miƙa ƙafa don ya tare ƙwallo a wasansu da Amurka, ta shiga ragarsu. Bayan kwana goma aka harbe shi har lahira a birnin Medellín, yana da shekara 27. Aikinsa yake yi. Wanda bai miƙa ƙafa ba, ba ya cin gida. Joseph Yobo ya yi wa Nijeriya wasa 101, na ƙarshensu kuwa shi ne wanda ya ci gida a karawa da Faransa a 2014. Wannan ba ya share sauran ɗarin. Samuel Kuffour na Gana, wanda duniya ta gani yana dukan ƙasa da hannu yana kuka a daren 1999, bai bar gurbinsa ba, bayan shekara biyu ya ɗaga wannan kofi da Bayern Munich.

Saboda haka muna roƙon malaman wasanni su daina tura yaro baya don ya kasa a gaba, su zaɓi mai ido da haƙuri da murya su koya masa. Muna roƙon 'yan kallo, manya da yara, su tafa wa wanda ya tare kamar yadda suke tafa wa wanda ya ci. Ku kuma 'yan bayan gidajenmu, in an ci ku, ku ɗauko ƙwallon daga raga da kanku, ku kai ta tsakiya, ku koma gurbinku. Allah ya kai mu wasannin baɗi lafiya.